Fuskar da Budimir Ya Goge

A garinmu mutum ba ya jira sai ya mutu kafin a kafa masa dutsen kabari. Da zarar gwiwa ta fara ƙara, 'ya'ya sun watse, sai miji da mata su je wurin mai sassaƙa su zaɓi baƙin dutse mai faɗi. A rubuta sunayensu gefe da gefe da shekarar haihuwa, a bar gurbin ɗaya shekarar sai Allah ya kawo ta. A tsakiya kuma a manna hotonsu a kan farin tangaran mai siffar ƙwai. Akwai masu zuwa ranar Lahadi su goge nasu da tsumma, su ja da baya suna yaba kyansa.

Dobrila da Budimir sun kafa nasu da daɗewa, kusa da na mahaifiyarsa. Abin da mai sassaƙa bai yi tanadinsa ba shi ne ranar da kotu za ta raba auren, bayan shekara kusan arba'in, kowannensu da furfurarsa.

Asabar ɗin ziyarar matattu ta zo, ta farko bayan rabuwar. Gari kaf ya juye maƙabarta, kowa da kwandonsa: dafaffiyar alkama da sukari, kyandir, da 'yar kwalbar rakiya, giyar da tsofaffinmu ke ɗiga wa mamaci a ƙasa su kurɓe ragowar. Dobrila ta zo kunna wa surukarta kyandir. Hukuncin kotu bai hana ta ba, don a hannunta tsohuwar ta cika. Ta tarar Zagorka, ƙanwar Budimir, ta riga ta, har ta baje kaya a kan dutsen masu rai, na Dobrila da Budimir, tana yanka burodi mai cuku.

"Matar yaya, sannu da zuwa," in ji Zagorka. "Au, tuba nake. Bazawarar yaya."

"Ke dai komai naki ya tsufa ban da baki."

"Zo ki gaida amaryarsa." Ta nuna hoton tangaran ɗin da tsinin wuƙa. "Ni duk zuwan da na yi sai na tambayi kaina, wai 'yar gidan wa ce wannan? Rannan jikata ta ja ni gefe ta ce, Kaka, ashe Inna Dobrila tana da ɗiyar da ta rasu?"

Dobrila ta yi dariya, don wurin dariya ne. Amma ta tsaya ta dubi hoton, irin duban da ba ta taɓa yi masa ba. Ga Budimir nan da sanƙonsa da gashin bakinsa, ko gashi ɗaya bai gyara wa kansa ba. A kafaɗarsa wata mace ta jingina kai, fuska sumul, ba layi ko ɗaya, ba tabon ƙuna a haɓa. Ranar da aka ɗauki hoton Dobrila ta haura hamsin. Matar da ke kan dutsen ba ta kai talatin ba.

Budimir ne mai hoton garinmu, kuma shi kaɗai ne. Tun yana saurayi ya gaji aikin yadda ya same shi: ya ɗauka, ya wanke babba a takarda, sannan ya zauna da siririn burushi da farin fenti ya bi fuskar mutum yana sharewa. Ba a taɓa yin mummuna a shagonsa ba. Amarya mai ƙuraje ta fito fes, soja mai manyan kunnuwa ya fito da daidaitattu. Mutane na son abinsu, ko da yake ya sha faruwa a mayar wa wani hoton fasfo a ce ya kawo nasa, ba na ƙaninsa ba.

Da a shago abin ya tsaya, da ba a je kotu ba. Budimir bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa neman wata ba, albarkacin bakinsa kuwa jama'a har sukan shigo shagon ba don hoto ba. Amma duk ranar haihuwarta sai ya kawo mata riga daidai jikin da ta zo da shi gidan. Ya shigo da kek mai zuma yana murna, alhali likita ya daɗe da hana ta sukari, shi ma yana zaune a ofishin aka faɗa. In ta ce ƙafarta na ciwo ya ce, "Ke da kike tsallake katangar gidanku ki zo wurina?" Yana son ta, wannan ko maƙiyi ya shaida. Sai dai ta gaji da zama kusa da mutumin da ke yi wa wata magana ta bayan kanta. Ranar da ta ce masa a rabu ya ɗauka wasa ne, har sai da ya ga ta ɗaure masa kayansa. Ya koma ɗan ɗakin da ke bayan shago.

Da maraicen Asabar ɗin 'yarsu Bilyana ta kira daga Jamus. Dobrila ta ba ta labarin maƙabarta.

"Mama, ai a nan yayi ne," in ji Bilyana. "Mace in aurenta ya mutu sai ta je a ɗauke ta hoto, ta rufe babin. Wata ta sa rigar aurenta ta faɗa kogi, wata ta bi ta da almakashi."

"Tawa na bi ta da almakashi tun kina rarrafe. Ita ce labulen kicin."

"Da gaske nake. Ki hau bas ki je birni, akwai wata yarinya mai shago kusa da tasha, ta iya aiki."

"Ni mai hoto ɗaya na sani."

"Mama! Baba? Wurin Baba za ki?"

"Ya abincin naki, kin ci?"

Hujja tana da ita. Ta riga ta yi magana da 'yan'uwanta an ware mata wuri kusa da mahaifinta a ƙauyensu na kan tudu, hoton sabon dutsen kawai mai sassaƙa yake jira. Amma wannan hujjar baki ce. Abin da take so a ranta shi ne, sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe ido, mutumin nan ya dubi fuskarta ya bar ta yadda take. In ya iya, to auren da suka yi aure ne da ya ƙare, kamar yadda komai ke ƙarewa. In ya kasa, to shekara arba'in ta yi tana zaman wata. Wannan tunanin ne ke cin ta.

Ranar Litinin da hantsi ta sa rigarta ruwan toka, ta taje kai, ba ta shafa komai ba. Shagon na nan yadda ta san shi: labulen da aka zana tafki da farar agwagwa, kujera mai hannun katako, hotunan amaren da yanzu jikokinsu ke aure. Abin da ya ƙaru warin soyayyar albasa ne daga bayan labule. Budimir ya fito yana goge hannu, maɓallin rigarsa ɗaya na lilo a zare. Hannunta ya so ya kai can, ta riƙe jakarta da kyau.

"Barka da zuwa, uwargida."

"Uwargidan wa?"

"To, Malama Dobrila. Me za a sayar miki?"

"Hoto na zo ɗauka. Na tangaran. Ni kaɗai."

"Subhanallahi. Wa zai mutu?"

"Kowa." Ta zauna a kujerar. "Sharaɗi ɗaya, Buda. Ba gyara. Ko ɗigo. Ka ajiye burushin nan naka ya huta."

"Me za a gyara a jikinki?" Ya faɗa da zuciya ɗaya, yana jan fitila.

Ta san aikinsa kamar yunwar cikinta. Ya ɗaga fitila sama ya kawo ta gaba, inda haske zai cike kowane kwari a fuska. Ya zo ya sa yatsu biyu a haɓarta ya juya ta hagu, ɓangaren da tabon ba ya fitowa. Yana komawa bayan kyamara ta mayar da fuskarta tsakiya. Ya dawo ya juya. Ta mayar.

"Wuyanki ciwo yake?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki haka."

"Ɗan yi murmushi mana."

"Me aka ba ni?"

"Za ki kwanta kusa da tsohonku da wannan fuskar? Ai sai ya tashi ya tambayi wa ya taɓa masa 'ya."

Ta cije leɓe, ta ƙi. Ya ja da baya yana neman inda zai tsaya, diddigensa ya harɗe da wayar fitila, ya yi tangal-tangal ya rungumi labulen, shi da agwagwa suka kusa zubewa tare. Dariya ta kufce mata. Kafin ta tattara ta ya kai hannu ya danna, don ko faɗuwa yake yi yatsansa na kan aiki. Ya ce ta dawo ranar Alhamis.

Ta dawo. Ya ɗauko babban hoton daga cikin kwali, ya ajiye a kan teburi yana kallonta, irin kallon yaron da ya share tsakar gida ba a sa shi ba.

Rigar tata ce, ruwan toka. Dariyar ma tata ce. Furfurar ya bar ta, ta ga ya yi ƙoƙari. Amma goshin sumul yake, ƙasan ido sumul, haɓa ba tabo. Yarinyar nan dai ce ta kan dutse, an ɗora mata farin gashi.

"Kin ga ban taɓa komai ba," in ji shi. "Ƙurar da kyamara ta ƙara kawai na share."

"Wace ƙura?"

"Kyamara ba ta da kunya, Dobrila. Sai ta ɗora wa mutum abin da ba shi da shi. Wanda bai san ki ba sai ya yarda. Ni kuwa na san ki."

Ta dube shi ko zolaya ce. Ba zolaya ba ce. Idonsa fes, ya yarda da abin da ya faɗa har zuci. Fushin da ta shigo da shirinsa ya sulale, tausayi ya maye gurbinsa, kuma tausayin ya fi fushin ciwo.

"Wannan yarinyar ka aura, Buda," ta ce a hankali. "Ni kuwa shekara da shekaru ina wanke mata kwanuka, ina renon 'yarta, ina jinyar surukarta. Ko sannu ba ta taɓa ce min ba."

Ya shafa sanƙonsa.

"To bari in wanke miki wani. Yanzu-yanzu. Ba zan kusance shi ba, ki ɗaure min hannu in kina so."

"A'a. Na'ura ta riga ta gan ni, ba ita na zo wa ba. Da hannun da ka goge, da shi za ka mayar."

"Ban taɓa yi ba. Wa ke zana wa mutum tsufa?"

"Yau za ka fara. Ina tabaranka?"

Ta juya allon ƙofa ya koma an rufe. Ta jawo kujera bakin taga, inda hasken rana ke shigowa ta gefe ba ya rufa wa kowa asiri, ta zauna. Budimir ya ɗauko burushinsa mafi siriri, da baƙar tawada, da fasasshen farantin da yake dama ta. Ya zauna gabanta gwiwa da gwiwa, hoton a kan allo bisa cinyarsa.

"Fara da nan." Ta taɓa tsakanin girarta. "Guda biyun nan na masaƙa ne. Zura zare a allura tun safe har yamma, fitila ɗaya mu goma."

Ya ja wani ɗan layi da sai an ƙura ido ake gani.

"Ƙara."

"Zai yi yawa."

"Nan za ka duba, ba takarda ba."

Ya ɗago. Ya duba. A iya saninta bai taɓa kallonta haka ba sai da gilashin kyamara a tsakani. Ta ji kunya ta kama ta, ita da ta haifa masa 'ya'ya, amma ba ta kau da kai ba. Ya mayar da burushi cikin tawada, ya ja layin yadda yake, mai zurfi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Harshensa ya leƙo ta gefen baki, alamar aiki ya kama shi.

"Na goshin fa?"

"Shekarar da jiragen yaƙi suka yi mana ruwan bama-bamai. Muna kwana a ɗakin ƙasa da Bilyana da tarinta, kai kana waje kana ɗaukar hoton gadar da ta karye."

"Hoton ya yi kyau fa."

"Ya yi. Zana."

Ya zana. Ta nuna ƙasan idonta ta ce na mahaifiyarsa ne, juya ta da wanke ta, da zagin da take sha in miya ba ta yi gishiri ba. Ya ce Allah ya jiƙan tsohuwa, bakinta Zagorka ta gada. Tabon haɓa bai tambaya ba, yana nan ranar da tukunyar tattasai ta yi tsalle a kan murhun tsakar gida. Sai dai ya yi mamakin girmansa. A tunaninsa bai wuce ƙwayar wake ba, ashe ya gangara har ƙasan muƙamuƙi. Ya bi shi sannu a hankali, ya dama tawadar da ruwa sau da yawa kafin ya samu launin.

Ya zo kan wani layi guda da ya sauko daga gefen hanci zuwa bakin leɓe, a dama kawai, ba shi da abokin tafiya a hagu.

"Wannan kuma na mene ne?"

Ya jira. Wata mota ta wuce a titi, wani ya murɗa ƙofar shago ya ga a rufe ya tafi. Sai ta ga fuskarsa ta sauya.

"Nenad," ya ce.

Ɗansu na fari ne, wanda bai cika wata guda a duniya ba. Tun daga ranar da suka dawo daga binne shi Budimir bai sake kiran sunan ba, in ta ɗauko zancen sai ya tuna yana da aiki a shago. Ta daɗe da yanke cewa ya manta. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya kai burushi ya ja. Wannan layin ba ta ce masa ya ƙara ko ya rage ba.

Rana ta karkata, hasken ya koma ja. Saura gefen idanu, inda ƙananan layuka suka bazu kamar sawun kaza. Ya yi ajiyar zuciya.

"To waɗannan fa, na wane bala'in ne?"

"Naka ne."

Burushin ya tsaya a iska. "Duka?"

"Duka, hagu da dama."

Ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa, kamar wanda aka yanke wa hukuncin da ya san ya cancanta. Ta bar shi ya ɗan sha, don ita ma ta sha nata.

"Na dariya ne, sakarai. Wa kake tsammani ya yi ta ba ni dariya shekara arba'in, Zagorka? Wajen gani kai makaho ne, wannan ba gardama. Amma ba a zama kusa da kai a tashi ba a yi dariya ba."

Ya matso da kujerarsa, ya dubi idon dama, ya dubi na hagu, ya shiga zanawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ya fi daɗewa. Ta leƙa ta ga yana neman wuce gona da iri.

"Kai, kada ka ƙara wa kanka lada. Iya waɗanda ke nan."

"Akwai wani ƙarami a nan, ba ki san da shi ba."

"Ƙarya kake."

"Na rantse. Ni ke kallo ko ke?"

Da ya gama ya juyo mata da allon. Wata tsohuwa ce ke dariya, mai tabo a haɓa, wadda ta sha wuya ta kuma sha daɗi, duk ga su nan a fili. Dobrila ta gane ta nan take. Ta ji wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta, ta ji tana son mutumin nan da tawada ta ɓata wa yatsu, ta kuma san ba za ta koma aurensa ba. Abubuwan biyu suka zauna a ranta ba tare da faɗa ba.

"Ya yi," ta ce. "Aika shi a gasa a tangaran."

Ta miƙe tana ɓalla maɓallan kwat ɗinta. Shi bai tashi ba, idonsa na kan hoton.

"Kafin in aika, ki yarda in yi kwafinsa guda in ajiye."

"Me za ka yi da hoton tsohuwa?"

"Yau na fara ganinta." Ya ƙara matso da allon kusa. "Da alama mace ce ta kirki. Da na san ta da wuri, da ban bari ta tafi ba."

Dobrila ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

"Da ka san ta da wuri, Buda, ita ma da ba ta tafi ba."

Ta fita. Da ta kai tsallaken titi ta waiwaya, ta hango shi ta taga bai motsa ba, ya riƙe hoton ta gefe-gefe da yatsu don tawadar ba ta bushe ba, yana ta kallo.